Ƙwandala Ƙarƙashin Ƙafa

Sau huɗu Umma Fatu ta sa Rukayya ta tsallaka dokin ƙofa kafin ta yarda ta shigo ɗakin.

"Ba a taka shi," ta ce. "Tsallakawa ake yi. Masu gidan da za ki yi aiki sun ce akwai mai gadin gida a kwance a wurin. Mu ba mu yarda da wannan ba, amma mun yarda da albashi. Koma ki sake."

Ɗakin na Umma ne, hawa na biyar a wani tsohon bene a Hadayek el-Ma'adi, inda baƙar fata masu ƙaramin ƙarfi suke samun haya a Alƙahira. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana aiki a gidan wasu 'yan ƙasar Tailan a can cikin Ma'adi, unguwar bishiyoyi da karnuka masu likita. Maigidan yana aiki da wani kamfanin jiragen sama. Matar, wadda kowa ke ce wa Madam, tana gida tare da tsohuwar uwarta da ake kira Yai, wato kaka da harshensu. Bara Yai ta daina tafiya. Ɗaga ta daga gado zuwa keken guragu ya fi ƙarfin gwiwoyin Umma, shi ne Madam ta ce ta nemo mai taimaka mata.

Umma ba ta yi dogon tunani ba. Rukayya 'yar Azare ce, ta biyo mijinta Ukasha da ya zo karatu, ciwon ƙoda ya kwantar da shi a shekararsa ta uku, tallafin karatun ya tsaya. Sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda, karo-karon da ɗalibai ke yi masa kuma ya fara gajiya. Albashin gidan Madam zai ɗauki wankin nan biyu, har a sami na burodi. Tausayi ne ya sa Umma ta zaɓe ta, wannan kam a ba ta haƙƙinta. Sai dai ta kuma lura yarinyar ba ta da baki, hakan kuwa bai yi mata rashin daɗi ba.

"Zauna mu gani."

Rukayya ta zauna ta miƙe ƙafafu kamar mai tsintar shinkafa. Umma ta kai mata duka da mafici.

"Naɗe su baya! A wurin mutanen nan ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci a jikin mutum, kai shi ne mafi daraja. Kada tafin ƙafarki ya kalli kowa. Kada ki shafa kan kowa, ko jariri ne, ko maraya ne kina neman lada. In za ki gyara wa Yai matashi, ki fara neman afuwa. In za ki wuce babba yana zaune, ki rage tsawo. Gaisuwa kuma ki haɗa tafuka a ƙirji, ki ɗan sunkuyar da kai kaɗan. Kaɗan na ce. Ruku'u na Allah ne."

"Gumakan fa, Umma? An ce suna da su."

"Suna kan kanta a falo, sama da kan kowa. Tun ranar farko na ce wa Madam ba na goge su, ta ce ba komai. Naman alade ma ita ke taɓa abinta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yanzu buɗe kunne, ga maganar kuɗi. Ranar albashi a ambulan za ta ba ki. Hannu biyu za ki sa. Kada ki buɗe a gabanta, kada ki ƙirga, nan ba kasuwar Ataba ba ce. In kina son ƙari, kada ya fito daga bakinki, ki bari ta ji a bakin wani cewa mijinki ba lafiya. Rance kuwa ko kusa kada ki je. Ba za ta iya ce miki a'a ba. Za ta ba ki, daga ranar kuma ta fara neman hanyar rabuwa da ke. In ta aike ki cefane, ki dawo da canji ko jine ɗaya ne na kuɗin Masar, ki ajiye mata a faranti tare da takardar kanti."

"Tamam, Umma."

"Ba tamam ba tukuna. Mu muka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan karin maganar ki bar ta a nan ɗakin. Suna murmushi in sun ji daɗi, suna murmushi in an kunyata su, suna murmushi in ransu ya ɓaci. Ban taɓa jin Madam ta ɗaga murya ba, amma direba uku na ga sun tafi, ba wanda ya san laifinsa."

Rukayya ta riƙe darasin duka, har ta fi mai koyarwar. Cikin wata biyu ta iya ɗaga Yai ita kaɗai ba tare da tsohuwar ta yamutsa fuska ba. Ta koyi dafa shinkafa mai danƙo yadda Yai ke so, abin da Umma ta yi shekara biyu tana ƙonawa. Ta kama kalmomin gaisuwa da na godiya, tana faɗinsu da muryar Azare, Yai tana dariya har dasashinta ya bayyana. Da yamma tsohuwar takan riƙe hannun Rukayya tana ba ta labari da harshen da ba ta ji, ita kuma tana gyaɗa kai tana "to, to," kamar jika a gaban kakarta.

Umma ta fara da alfahari. A taron matan Najeriya na ƙarshen wata takan ce, "Ni na horar da ita." Daga baya ta rage faɗi. Wata safiya Madam ta kawo mata kujerar roba cikin kicin da kwalbar man shafa wa gwiwa, ta ce ta riƙa hutawa, ta yi ƙoƙari shekaru da yawa. Umma ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya, gabanta kuwa ya faɗi. Ta daɗe a gidan nan, ta san ba a ba ma'aikaci kujera don ana son ya daɗe.

Abdulbasit direba, Bamisire mai bakin da ba ya riƙe ruwa, shi ya fasa mata ƙwan a bakin gareji.

"Ya Hajja, an rage wa maigida kuɗin gida. Bayan bikinsu na sabuwar shekara a Afrilu mutum ɗaya za su riƙe. Ma'alish, ki yi haƙuri, ni dai na ji ana faɗi a mota." Ya dubi gwiwoyinta, ya kau da kai.

Shekararta hamsin da takwas. Mijinta yana kwance a maƙabartar Basatin tun shekaru goma sha biyu da suka wuce. A Gumel 'yan'uwa sun daɗe da raba ɗakinta, kuma ba ta da ɗan da zai ce ta dawo ya riƙe ta. Ranar ta hau hawa biyar ɗin nan tana tsayawa a kowane hawa, tsoro ya cika ta, tsoron tsufa a ƙasar da ba tata ba. Tana cire mayafi ta tuna akwai abu ɗaya da ba ta faɗa wa Rukayya ba.

Mantuwa ce ta fara hana ta faɗi, don a Alƙahira ba a kashe kuɗin Tailan, ba dalilin da zai kawo zancen. Kuɗinsu, na takarda da na ƙarfe, yana ɗauke da hoton sarkinsu, kuma girman da suke ba shi ya wuce abin da baƙo zai zata. A can ƙasarsu ko ƙwandala ce ta faɗi tana gangarawa, ka bi ta ka sunkuya ka ɗauka. Ba a taɓa sa mata ƙafa. Wanda ya taka ta, fuskar sarki ya taka da mafi ƙasƙancin gaɓar jikinsa. Yai kuwa tana da wata tasar tagulla cike da ƙwandaloli da ta zo da su daga gida, kowace sabuwar shekara tana raba wa waɗanda suka zo gaishe ta ɗaya-ɗaya don albarka.

Umma ta yi niyyar faɗa mata washegari. Washegarin ya zo, ta ce jibi.

Ana saura kwana uku biki ta je duba Ukasha. Ta same shi zaune, kumburin fuskarsa ya saɓe, har yana koya wa 'yarsu Isra'u baƙaƙe a allo. Ya yunƙura zai tashi ta hana shi.

"Umma, ban san da wane baki zan gode miki ba," ya ce. "Wata biyu ban tsallake wanki ko ɗaya ba. Likita ya ce in aka ci gaba haka zan iya komawa aji. Ban taɓa yin sujada ban ambaci sunanki ba."

"Allah ne mai yi, Malam."

Rukayya ta rako ta har bakin titi. "Umma, akwai wani abu na bikin nan da ya kamata in sani? Kada in je in ba ki kunya."

Maganar ta zo har bakin Umma. Ta ji ɗumin hannun yarinyar a damtsenta, tana taimaka mata ta sauka daga dakalin titi, ta kuma ji yadda gwiwar hagu ta amsa.

"Na gaya miki komai, 'yar nan. Ki dai sa kaya masu haske."

Ranar bikin falon ya cika tun hantsi. Duk 'yan Tailan ne: matan ma'aikata, masu gidajen abinci biyu, da wata dattijuwa mai azurfa a gashi wadda kowa ke rage tsawo in zai wuce ta. An zaunar da Yai a tsakiya cikin rigar siliki. Al'adar ita ce kowa ya durƙusa ya zuba mata ruwa mai ƙamshi a tafin hannu, ita kuma ta sa masa albarka. Da yake hannun Yai na rawa, Umma ce ke tsaye kusa da ita riƙe da tasar tagulla, tana ɗauko ƙwandala tana sa mata a tafi. Aikinta ne kowace shekara. Rukayya kuma ita ke kai da kawo da babban kwanon ruwan, furanni farare suna yawo a kai.

Umma ta jira har Rukayya ta fito daga kicin da kwanon cike taf, hannuwanta biyu a kame. Ta ɗauko ƙwandala, ta kai ta kusa da tafin Yai, ta sake ta kafin ta isa.

Ƙwandalar ta bugi tayil ta tsaya a gefenta, ta miƙe tana gangarawa ta tsakanin baƙi, ta nufi ƙofar baranda da ke buɗe. Wata mata ta yunƙura za ta bi ta.

"Tare ta, Rukayya!" Da Hausa Umma ta faɗa, ƙasa-ƙasa, kuma ba mai jin Hausa a falon sai su biyu.

Rukayya ta yi abin da kowace 'yar Hausa za ta yi in hannunta a cike yake, babba kuma ya ba ta umarni. Ta miƙa ƙafa ta danne ƙwandalar, tas, ko ɗigon ruwa bai zube daga kwanon ba. Har ta jawo ta da yatsun ƙafa zuwa wajen Umma, tana murmushin wadda ta yi abin kai.

Hira ta tsaya. Dattijuwa mai azurfa a gashi ta ɗora hannu a ƙirji. Yai ta juyar da fuskarta bango. Madam ta yi murmushi, baƙin ma suka yi murmushi, wani ya yaba ƙamshin abincin da ke fitowa daga kicin.

Umma ta ajiye tasar. Duk da gwiwoyin nan ta durƙusa a gaban kowa, ta ɗauki ƙwandalar da hannu biyu, ta goge ta da gefen mayafinta a hankali, gaba da baya, sannan ta miƙa wa Madam kanta a sunkuye. Ba ta taɓa yin durƙuso mai kyau irin na ranar ba.

Bayan baƙi sun watse Madam ta same ta a kicin. Rukayya tana can tana kwantar da Yai. Da gurɓataccen Larabcin da suka saba magana da shi Madam ta tambaye ta, murya a sanyaye:

"Fatu, ba ki gaya mata ba ne?"

In da Umma ta ce ta manta, da wataƙila an yafe, don baƙo ba ya rasa uzuri. Ta sani sarai.

"Sau uku na gaya mata, Madam." Ta share ido da mayafi. "Ta ce ai ƙarfe ne kawai."

Madam ta juya wajen famfo. "Ba komai," ta ce.

Ranar Alhamis aka kira Rukayya falo. Madam ta yaba aikinta, ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙuri irinta ba, sai dai Yai ta tsufa, ba ta son sabuwar fuska. Ta ba ta ambulan da albashin wata guda a kai, da gyale na siliki, da kwalin alewa na Isra'u. Rukayya ta sa hannu biyu ta karɓa, ba ta buɗe ba, ta haɗa tafuka a ƙirji, ta tsallake dokin ƙofa ta fita. Sai da suka shiga jirgin ƙasa ita da Umma ta fashe da kuka.

"Me na yi, Umma? Tun ranar bikin Yai ba ta sake riƙe hannuna ba. Ko kuɗin nan ne da na taka? Kin ce ƙafa ba ta da daraja a wurinsu."

"Haba, 'yar nan. Wa zai kori mutum don ƙwandala ɗaya? Ni fa na ce ki tare ta. In laifi ne, ai da ni za a fara kora." Umma ta dafa ta. "Ba na gaya miki ba? Direba uku. Ba wanda ya san laifinsa. Rabonki ne ya ƙare a gidan."

Rukayya ta kwantar da kai a kafaɗarta har suka iso tasharsu.

Kuɗin ambulan ɗin ya kai su ƙarshen Mayu. Rukayya ta yi wanke-wanke a wani gidan abinci na Sudanawa, ta yi kitso a gidaje, ta sayar da gyalen. Wankin ƙoda ya koma sau ɗaya a mako, sannan sau ɗaya a kwana goma. Umma ba ta je dubiya ba. Ta aika da shinkafa sau biyu ta hannun maƙwabciya, ta ce aiki ya yi mata yawa. Wannan kam ba ƙarya ta yi ba. Ita kaɗai take ɗaga Yai yanzu, tana cije leɓe don kada Madam ta ji nishinta, kujerar roba kuma ta tura ta bayan firji.

A tsakiyar Yuli, wata Juma'a da rana, aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Rukayya ce, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, riƙe da kwano a rufe.

"Dambu ne, Umma, na san kina so." Ta zauna ta naɗe ƙafafu baya, sabo ya riga ya kama ta. "Sallama na zo yi miki. 'Yan ƙungiyar ɗalibai sun haɗa mana kuɗin jirgi, ranar Talata za mu tafi. Malam ya ce in ma abin zai zo, ya zo masa a gaban mahaifiyarsa. Ba ya iya tashi yanzu, shi ya sa bai zo ba. Ya ce in roƙe ki gafara."

"Gafarar me?"

"Kin ɗauki mutuncinki na shekara goma sha ɗaya kin sa a hannuna, na je na zubar. Ban san abin da na yi ba, amma na san na yi wani abu. Ki yafe mini, Umma, don Allah."

Umma ta dubi kwanon. Ta ji kunya, kunya ta gaske, irin wadda ke sa miyau ya yi ɗaci. Amma kunyar ba ta kai ta buɗe baki ba.

"Na yafe miki duniya da lahira."

"Na gode." Rukayya ta share fuska. "Sai abu ɗaya. Abdulbasit ya ce wa maƙwabcinmu Madam ta fara cigiyar wata yarinyar, wai nauyin Yai ya yi miki yawa, kuma ke za ta sa ki nemo."

Umma ba ta ji wannan ba sai yanzu. Ta gyara zama, gwiwar ta amsa.

"Akwai Mawada, 'yar ɗakin da ke kusa da namu. Mijinta ya tafi Libiya shekara biyu ba labari, ga yara uku. Yarinya ce mai hankali, ga ƙarfi, ga saurin koyo, ta fi ni nesa ba kusa ba. Na ba ta labarinki, na ce ba ta da uwa a garin nan sai ke. Ki taimake ta yadda kika taimake ni."

Daga ƙasa mai sayar da gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe yana wucewa. Umma ta buɗe kwanon, ta ɗebi dambun da yatsu uku ta kai baki, ta tauna a hankali.

"Ta fi ki saurin koyo, kika ce?"

"Sosai, Umma."

"To. Ki turo mini ita gobe bayan la'asar."